Ranar da Mai Man Kaɗanya Ta Karɓe Mini Aji

A shekarata ta uku ina koyar da dabarun kasuwanci a jami'a na fara bincike kan matan da ke haɗa man kaɗanya a unguwar Gurugu. Na cika jaka da takardun tambayoyi, na hau babur, ina ganin mako biyu sun ishe ni. Wata takwas na yi ina zarya.

Wadda ta fara sakar mini fuska wata dattijuwa ce Badagomba, kowa Hajiya yake ce mata. A kasuwa ta koyi Hausarta, ba ta bambanta mace da namiji a magana. Na tarar da ita tana buga ƙullin kaɗanya a babban kwano, hannu ya nutse har gwiwa. Na gaishe ta, na karanto tambaya: su wa take gasa da su?

"Gasa kamar na 'yan ƙwallo?"

Na nuna matar da ke tafasa nata man a gefe.

"Wancan? Ɗana, shi ne ke duba mini wuta in na tafi jana'iza. Rubuta haka."

Takardata ba ta da gurbin wannan amsa, sai na rubuta a gefen shafi.

Da muka saba, na roƙe ta ta zo ta yi wa ɗalibaina magana. Sau biyu tana ƙi, wai me za ta gaya wa masu boko. A na uku ta ce in zo da mota, ita ba ta hawa babur da sabon mayafi.

Da muka isa, ta ƙi tsayawa gaban allo. Kujera ta ja zuwa tsakiyar ajin, ta buɗe 'yar robar man kaɗanya, ta ce kowa ya lakata ya shafa a bayan hannu. Wata ɗaliba mai kunya, wadda ban taɓa jin muryarta ba, ta tambaye ta yadda take riƙe masu saye. Na fara ƙawata tambayar da kalmomin littafi, Hajiya ta ɗaga mini hannu.

"Malam, bar yarinya. Na ji shi."

Ta juya Dagbanci, yarensu, ta ce duk wanda ya saya, sai ta tambaye shi wa zai shafa, jariri ko tsohuwa, in ya dawo ta tambayi lafiyarsu. Lokacin darasi ya wuce, ba wanda ya tashi.

A mota, da muka kusa gida, ta dafa kafaɗata.

"Yaranka suna da ladabi. Amma kana saurin amsa musu. Ka riƙa bari su gama."

Yanzu ciwon ƙafa ya zaunar da ita. Ɗalibar nan ta yi hutu guda tana koyon aiki a wurinta, yau sabulu take yi a Kasalgu. Ranar Juma'a mukan je gaishe ta tare, mu biyu.