Gwauron Kawu Halliru

Kawu Halliru, yayan mahaifiyata, ya ƙare aikinsa yana koyar da lissafi a wata sakandare a Roni. Da ya yi ritaya sai ya sayi tsohuwar kwamfuta a Kazaure, ya shiga wani aikin gayya na intanet. Mutanen duniya ne kowa ke ba da aron na'urarsa ana neman manyan lambobin da ba sa rabuwa sai da ɗaya da kansu. Shi gwauro yake kiran irin wannan lamba. Wanda na'urarsa ta gano sabon gwauro, sunansa ake rubutawa a kai, kuma abin da Kawu yake so ke nan tun kafin idonsa ya gama mutuwa.

Aikin iri biyu ne. Akwai tankaɗe: ka gwada ko wata ƙaramar lamba za ta raba babbar, in ta raba a yar da ita. Wannan yana da sauri, amma ba ya ba kowa suna. Akwai kuma cikakken gwaji, mai cin watanni, wanda shi kaɗai ke tabbatar da gwauro.

Da na dawo daga jami'a na tarar ya ɗauki wata lamba da ba a gama tankaɗe ta ba, ya fara cikakken gwaji a kanta. Na ce, "Kawu, da kun fara tankaɗewa."

Ya ce, "Bahijja, ni da gemuna zan zauna da rariya? A bar wa matan Turawa."

Solar gidan ba ta ɗaukar kaya biyu, don haka ya cire firjin matarsa Saude, ta daina sayar da zoɓo mai sanyi. Rani ya wuce, damina ta shigo. In hadari ya rufe rana na'urar ta mutu, ya zauna yana kallon sama. A majalisa har an fara ce masa Mai Gwauro.

Makon jiya ya kira ni in karanta masa saƙon da ya shigo. Wani mutum a wata ƙasa, da na'ura mai ƙarfi, ya tankaɗe lambar Kawu da yamma ɗaya. Ta rabu. Na karanta masa sau biyu.

Ya ce, "Sunansa fa?"

"Ba a rubuta ba, Kawu. Ba a rubuta na masu tankaɗe."

"Shi bai samu ba, ni ya hana ni."

Na miƙa hannu zan kashe na'urar, ya riƙe mini wuyan hannu da ƙarfin da ban san yana da shi ba.

"Bar ta ta ƙarasa."

Har yanzu tana aiki. Kullum da hantsi yakan sa in duba masa inda ta kai, ni kuma in faɗa masa.