Kare da Kwaɗon Inna Barira

A Matankari, in ka tambayi mai shekara arba'in wa ya fara nuna masa majigin yara, Inna Barira zai ce maka, mai tuyar ƙosai ta bakin tasha. Mijinta marigayi ne ya kawo tele daga Yamai tun tana da ƙuruciya, da na'urar kaset da batir. Ba a daɗe ba murya ta mutu. Hoto kam garau, amma ko tari ba ya fita.

Wata da ta tura shi ƙarƙashin gado. Barira kuwa da la'asar sai ta fito da shi rumfa, ta shimfiɗa wa yaran unguwa tabarma, ta zauna gefe da matsaminta a hannu, ita ce bakin kowa. Ba ta yi lakwal ba, wato boko, ba ta jin Faransanci, ido kawai take bi.

Kaset ɗin da aka fi so shi ne na wani dogon kare siriri da gajeren kwaɗo mai tumbi. Kullum bi, kullum duka, wannan ya haƙa rami wancan ya faɗa, gobe kuma ga su tare. Barira ta duba ta duba, ta ce ai abin a fili yake. Wa zai maka maka taɓarya yau, gobe ku gaisa, ba a je gaban mai gari ba? Sai taubashi. Nan take kare ya zama Bahillace, kwaɗo ya zama Ba'are, ta riƙa zuba musu baƙar magana irin wadda Arawa da Hillani ke jifan juna da ita a kasuwa. A kan haka yara suka tashi, har suka haifi nasu suka turo mata.

Bana da rani sai ga Luƙman, ɗaya daga cikin yaran farko, yanzu ma'aikacin meri, ofishin magajin gari, a Dogon Dutsi. Ya duƙa ya gaishe ta, baki har kunne.

"Inna, albishirinki! Na samo karenmu da kwaɗonmu a waya, da muryarsu ta asali."

"Madalla," in ji ta, tana juya ƙosai. Tele bai dame ta ba. Yaran nan da ke cika mata rumfa, su ne hirarta tun da gidan ya yi shiru. In suka ji dabbobin na faɗin wani abu daban, gobe wa zai zo?

Luƙman ya jingina wayar jikin turmi, yara suka yi cincirindo. Kare ya buɗe baki, Faransanci ya zubo.

"Mi ya ce, Kawu?" Afra'u ce, jikar Barira, mai bakin tsiya.

Luƙman ya sosa ƙeya. Shi ma bai taɓa saurara da kyau ba. "Wai... yau sai ya cinye shi."

Afra'u ta juyo, ido ya kawo ruwa. "Kaka, ashe maƙiya ne? Kin ce 'yan wasa ne!"

Barira ta kwashe ƙosai daga mai, ba gaggawa.

"Luƙmanu, Bahillatar da ke kai muku nono meri, mi take ce maka?"

"Wai ni Ba'are bawanta ne, ranar kasuwa za ta saida ni ta sayi gishiri."

"Ta saida ka?"

"Ga ni zaune, Inna."

"To, karen ga tun kana yawo ba wando yake cewa zai ci kwaɗo. Ku dube shi, tumbi ma ya ƙara. Wanda zai ci ka da gaske shela yake yi?"

Dariya ta ɓarke, har Afra'u ta kwanta a tabarma. Wani yaro ya nuna Luƙman yana "ba wando, ba wando", aka yi masa daƙuwa.

A cikin wayar kare ya ɗauko guduma. Afra'u ta matso jikin kakarta.

"Kawu, rage wannan surutun, ba mu jin Kaka."

Luƙman ya rage. Ya cire takalmi, ya ce yara su matsa masa wuri. Barira ta gyara zama, ta shaƙe murya irin ta Bahillace, ta ce, "Kai Ba'are, tsaya mana mu gaisa!"