Sunan Baffa tsakanin waƙafi biyu

Matata ta karanci kwamfuta a Aliero, kuma tun da muka tare a Jega take neman inda iliminta zai yi wa dangina rana. Dama ta samu lokacin da Baba zai yi walimar saukar karatun ɗalibansa a Katanga. Ta ce mu bar mata gayyatar.

Cikin waɗanda za a gayyata har da Baffa na Mungadi, ƙanin Baba, wanda suka daina magana tun rabon gona. Baba ba zai kira shi ba, amma ya yarda a haɗa da shi a saƙon waya. Ni abin da nake fata ke nan, na gaji da gaishe su ɗaiɗai.

Ta rubuta 'yan layukan umarni masu ƙirƙiro fayil ɗin saiti, wanda manhajar aika saƙo ke karantawa. Inda sunan mutum zai shiga sai ta sa $SUNA, kwamfuta ta musanya shi da sunan gaske. Matata ba ta wasa da ƙa'idar rubutu, ko saƙona na soyayya sai ta gyara. Ta rubuta "jama'a" kafin gurbin sunan da "ɗan'uwana" bayansa, kowanne da waƙafinsa na sama. Ashe a wurin kwamfuta duk abin da ya faɗa tsakanin irin waƙafin nan guda biyu ba a taɓa shi. Haka kowa ya samu gayyata zuwa ga $SUNA.

Mutane suka yi ta dariya, ban da Baffa. Ya kira ni.

"Ashe har sunana ya yi ma Babanku nauyi ga baki? Ka ce mai na ji."

Matata ta gano matsalar nan take, ta kewaye jimlar da alamar zance mai ɗigo biyu-biyu a sama, sunaye suka fito. Tana hawaye ta ce za ta sake aikawa. Tausayinta ya kama ni, na fasa tsokanar da na shirya.

Da na kai wa Baba maganar sai ya ce, "Ce ma ɗiyag ga ta bari. Tado babur."

Na goya shi har Mungadi. A ƙofar gidan bai bari na yi sallama ba. Ya ɗaga murya ya kira Baffa da sunan da mahaifiyarsu kaɗai ke kiransa da shi, wanda ni ban taɓa ji ba. Daga ciki muka ji an amsa.