Makero a Wuyana

Jiya na murza ganyen tafasa, warinsa ya mayar da ni Saga, wajen kakata, Allah ya jiƙanta.

Shekarar da muka samu 'yancin kai, wani tabo mai zagaye ya fito mini a wuya. Wata maƙwabciya ta ce kuturta ce, aka daina ci da ni a kwano ɗaya. Innata ta yini tana kuka.

Kaka kuwa ba ta ba da magani sai ta duba. Ta kai ni bakin kogi da hantsi, inda haske ya fi. Iska tana kaɗa shinkafa, ruwa yana walƙiya, hannunta da sanyi.

Ta ce, "Rufe ido, kishiyata." Haka take tsokanata.

Ta goga mini gashin zabuwa a kan tabon. Na ƙyalƙyale da dariya.

"Kin ji ke nan? Yana ƙaiƙayi?"

"Sosai, Kaka."

"Alhamdulillahi. Tabon kuturta ba ya ji. Wannan ga bakinsa ya tashi, tsakiyarsa fayau. Makero ne."

Ta daka tafasa tana shafa mini safe da yamma, ta shanya kayana a rana. Kafin ya warke, sati uku cur, ita kaɗai ta riƙa zama da ni, muna cin dambu a kwanonta.

Allah ya sanyaya makwancinki, Kaka, ya sa kina cikin waɗanda ba a bar su su kaɗai ba.