Tukunyar da Oga Ya Shafa wa Fenti

Wallahi abin nan da idona na gan shi, a shekarun da 'yan gudun hijira suka cika Jimeta. Lokacin ina tuƙa wani oga mai kiran kansa masanin kayan tarihi, mutumin da ko tudun shara bai taɓa hawa ba, balle dutsen da yake ta zuba jawabi a kansa.

Cikin waɗanda suka gudo akwai wani tsoho, Baba Tizhe, ya sauko daga tsohon garinsu na kan dutse ba ya riƙe da komai sai wata 'yar tukunyar kakanninsa, wadda duk sabon wata ake zuba mata ruwan gero. Oga na jin labari ya je unguwar Dubeli inda tsohon ya sauka, ya karɓe ta, wai zai adana. Adanawar kuwa, ya sa aka shafe ta da shuɗin fenti, ya dasa fure a ciki, ya girke ta a tsakar gidansa a Luggere don baƙi su yaba.

Tsohon ya yi ta zarya, yana cewa, "Ranka ya daɗe, ba ta shuka ba ce, bari in ba ta ruwa kawai." Oga ko kallonsa ba ya yi.

Wata Talata da rana tsaka ina wanke mota, sai na ga Baba tsugune yana shafa tukunyar. Na gaishe shi, ya ce, "Gida za mu, ɗana." Na juya in kashe famfo, ina waiwayowa babu shi babu tukunya, sai furen yashe a ƙasa. Ƙofa kuma a kulle, makullin na aljihuna. Oga ya zage ni tas, wai ni na sayar. Da yamma na bi tsohon Dubeli, aka ce ai tun da hantsi aka binne shi.

Da rikici ya lafa hanya ta buɗe, na kai oga da baƙinsa dutsen, ana jan sa kamar buhu yana haki. Gari kango, ba wanda ya koma. Amma a wani lungu na katangar duwatsu ga tukunyar nan da shuɗin fentinta, bakinta jiƙe da ruwan gero. Oga kuwa, ko kunya babu, ya gyara hula ya ce wa baƙin wai shi ne ya maido ta.

Jama'a, in kun ga kayan kakannin wani, ku bar masa abinsa. Ko bayan ransa zai zo ya ɗauka.