Kujerar Sahun Gaba

Na yi shekaru ina koyar da falsafa a lise, wato babbar sakandare, kuma mafi yawan abin da na koyar ya fita daga kaina kamar yadda ya fita daga kan ɗalibaina. Amma ranar da yayana ya sa na cusa kai ƙarƙashin kujera a tsakar gidansa na unguwar Yantala, ita kam ba zan manta da ita ba muddin ina numfashi.

Tun da muka baro Damagaram muka zauna Yamai, wurin yayan nawa a masallacin unguwa ɗaya ne: sahun gaba, daidai bayan liman. Da gwiwoyinsa suka gaji, likita ya hana shi durƙuso, ya ce ya riƙa ruku'u da sujada a zaune. Aka sayo masa farar kujerar roba. Ya je da ita masallaci ƴan kwanaki, sai ya daina zuwa gaba ɗaya. Ya koma salla a ɗaki, ya rage ci, ya rage magana, har gardamar da yake yi da rediyo ya bari. Iyali suka taru suka yanke hukunci cewa girman kai ne, ba ya son a gan shi kan irin kujerar da ake haya ranar suna. Ni aka ba aikin bayani, na kuwa yi shi da misalai.

Babbar ɗiyarsa zanen kayan ɗaki ta karanta. Tana da atiliye inda ake ƙera kujerun ƙarfe da fata da saƙar igiya, irin waɗanda otal-otal ke rububi. Ta ce in dai kujerar ce ba ta kai darajarsa ba, wannan aikinta ne. Ta kawo masa wata mai faɗi, da majingina da wurin aje hannu, an lulluɓe ta da jar fata ta garin Tawa. Ko gwamna aka ba ita, sai ya gyara hula kafin ya zauna.

Yaya ya zauna, ya jingina, ya ce tun da aka haife shi bai taɓa zama kan abu mai daɗi haka ba, ya sa mata albarka. Sannan ya miƙe, ya tsaya a gaban kujerar kamar zai tada kabbara, ya ce in shimfiɗa tabarma a bayanta.

"Kai ne sahu na biyu, Malam," in ji shi. "Nuna mana inda za ka aje goshinka."

Na durƙusa. Hulata ta faɗi, kaina ya shige tsakanin ƙafafun baya, ƙarfen da ya haɗa su ya gaida ni a tsakar ka. Daga can ƙasa na ji sauran bayanin. Ashe in ya tsaya dugadugansa na kan layi ɗaya da na jama'a, kujerar ta cinye wurin sujadar wanda ke bayansa. Wanda ke bayansa kuwa wani tsohon tela ne Bazabarme da ya girme shi. Kwana da kwanaki dattijon na sujada a karkace. Wata rana Yaya ya waiwaya bayan sallama, ya gan shi yana murza goshi, kuma da suka haɗa ido telan ne ya fara tambayarsa yaya gwiwa. Ko ƙarshen sahu ya koma, akwai wani a baya. Sahun ƙarshe kuma, can kusa da takalma, kunnensa ba ya jin karatu in an ɗauke wuta.

"Ba zan sayi lada da goshin mutum ba," in ji shi.

Na yunƙura zan tashi, ɗiyar ta dakatar da ni, ta kira ni baffa da Faransanci kamar yadda ta saba.

"Tonton, don Allah kada ka motsa tukuna."

Ta ciro metir daga jaka. Ba ubanta ta auna ba, ni ta auna, daga dugadugansa zuwa inda kaina yake. Daga baya ta gaya mini cewa a makarantarsu an koya musu ƙugu da baya da gwiwar mai zama, har da yadda yake miƙewa, amma babu darasin da ya ambaci mutumin da ke bayan kujera.

Bayan wasu makonni ta dawo da wani abu, na tambaye ta ina kujerar take. Faifan ƙarfe ne shimfiɗaɗɗe, da sanda guda a tsaye, a samanta ɗan mazauni siriri kamar sirdin keke, an naɗe shi da fata. Mutum zai tsaya abin na tsakanin ƙafafunsa, in lokacin ruku'u ya zo ya sauka a kai. Babu abin da ya wuce dugadugansa ta baya. Na farkon ya yi rawa, aka mai da shi wurin mai walda a kasuwar Katako aka faɗaɗa faifan ta gefe. Da Yaya ya sa babbar riga ya tsaya a kai, kujerar ta ɓace.

Da la'asar muka tafi masallaci, ni ke ɗauke da ita. Ya shiga wurinsa na bayan liman, na tsaya sahu na biyu kusa da telan. Ina neman gafarar Allah, don a raka'ar farko hankalina na kan goshin dattijon. Ya sauka ƙasa sosai, a miƙe, babu abin da ya tare shi. Bayan sallama ya dafa kafaɗar Yaya.

"Alhaji, ashe gwiwar ta warke?"

"Da sauƙi," in ji Yaya, ya ƙara baza rigarsa.

Abin da na koya ranar nan bai da tsawo. Mun yi watanni muna fassara shirun mutum, kowa da hujjarsa, kuma amsar na nan taki ɗaya bayan dugadugansa. Tun daga lokacin, duk inda aka ba ni wurin zama, kafin in ga ko ya yi mini daɗi sai na waiwaya na ga wurin wa na ci.