Ranar da Surukina Ya Zauna a Kujerata

Shekarun baya, lokacin ina malamin daji a Birnin Gwari, yayana ya yi mini wani abu da har yau in na tuna sai in ji haushi ya taso mini. Mun tsufa, mun aurar da 'ya'ya, amma wannan magana ba ta tsufa a raina ba.

A shekarar ana wata babbar gasar ƙwallo, kuma aka ce in ƙasarmu ta kai wasan ƙarshe za a nuna kai tsaye. Ni kuwa tun ina yaro a rediyo nake jin ƙwallo, ban taɓa ganin 'yan wasan nan da idona ba. Sai na ci alwashin wannan karon zan gani, a gidana, a kan kujerata.

Tun da aka fara gasar ban huta ba. Na je Kaduna na sayo talabijin na hannu, mai hoto baƙi da fari, na naɗe shi da bargo na rungumo shi a cinya har gida. Duk ramin da mota ta faɗa sai in yi salati. Ba mu da lantarki, don haka na lallaɓi wani abokina direban motar katako ya yarda zai ajiye aiki ranar wasan, ya ciro mini batir. Sai eriya. Na shiga daji da kaina har bakin rafi, na saro gora biyu dogaye, na haɗa su, na ɗora eriyar a kai, na ɗaure a kan mangwaron ƙofar gida. Kwana uku ina hawa ina sauka, ina juya ta wajen Kaduna, kafin hoto ya daina yayyafi ya fito da siffar mutane. Matata ta soya gyaɗa, ta dama kunun zaki, na sayo rake, na aro tabarmi na shimfiɗe zaure. Kujerata mai hannu kuwa na dasa ta daidai gaban akwatin.

Duk wannan wahala yayana ko igiya bai miƙo mini ba. Amma a kasuwa ba abin da ake ji a bakinsa sai "talabijin ɗinmu".

Allah ya taimaka muka kai wasan ƙarshe. Ranar tun bayan azahar zaure ya cika. Na haɗa waya da batir, hoto ya kawo, na zauna na miƙe ƙafa, na ɗauki rake zan kai baki. Sai muka ji tsayuwar babur, muka ji muryar yayana yana cewa, "Ku matsa, ku matsa, ga babban baƙo!"

Ina ɗaga kai sai ga surukina, mahaifin matata. Takanas yayana ya je Tsohon Birnin Gwari ya ɗauko shi.

Yaran yanzu ba za su gane ba. A lokacin nan, aurenmu ko shekara bai yi ba. Mutumin da in na hango shi a hanya nake sake hanya, ba na cin abinci a gabansa, ba na ɗaga murya, ko haɗa ido ba ma yi. Yaya zan zauna kusa da shi ina ihu ina tsalle? Raken nan ban san inda na jefa shi ba. Na zame daga kujera na durƙusa.

"Barka da zuwa, Baba. An zo lafiya?"

"Lafiya lau, alhamdulillahi. Ya iyali?"

Kafin in amsa yayana ya kama hannunsa. "Bismillah Baba, ga kujera, dama don kai aka ajiye ta."

Don shi aka ajiye ta! Na fice da baya da baya, na yafito yayana muka zagaya bayan katanga.

"Yaya, me na yi maka? Wa ya aike ka?"

"Kai wallahi ba ka da godiya," in ji shi. "Na kawo shi ya ga 'yarsa ta faɗo gidan ci gaba. Mutunci na saya maka."

"To ni a ina zan kalla?"

"Ka leƙa ta taga mana."

Ya san sarai zauren ba shi da taga. Ya kaɗa rigarsa ya koma ciki ya bar ni tsaye.

Tsayuwa a ƙofar gida ba dalili ma abin magana ne, sai a ce na guji baƙo. Don haka na ɗaga murya na ce hoto na rawa, bari in duba eriya, na haye mangwaro. Nufina in ɗan fake, in dattijon ya gaji ya tafi in sauko. Tsautsayi sai na dafa gorar. Nan take zaure ya ɗauka, "Yauwa! Ya fito tar! Riƙe nan!" Na saki, suka ce ya lalace. Na sake kamawa, suka ce ya yi. Muryar da ta fi kowace ƙarfi ta yayana ce: "Kar ka motsa! Ka ji ko? Kar ka motsa!"

Haka na ƙare wasan nan a kan reshe, hannu a sama, jajayen tururuwa suna yawo a cikin wandona. Sau uku zaure ya fashe da ihu, sau uku ina tambaya wa ya ci, ba wanda ya kula ni. Ina jin ƙarar ɓare gyaɗata, ina jin ana neman ƙarin kunu. Wallahi sai da na yi niyyar juya eriyar nan ta kalli Funtuwa kowa ya rasa. Kunyar dattijon da ke ciki ce kawai ta hana ni.

Da aka tashi, mutane suka fito suna rungumar juna, mun ci kofi. Na sauko hannuna ya sandare, na sake durƙusawa. Surukina ya tsaya a kaina ya ce, "Allah ya yi maka albarka. Kowa ya tattara hankali kan wasan yara, kai kana can kana aiki. Haka ake son magidanci."

Na ce amin. Me zan ce?

Bayan mako guda matata ta je gida ta dawo da sauran labarin, wanda mahaifiyarta ta ba ta. Ashe yayana ce masa ya yi ina neman sa da wata muhimmiyar magana. Da ya zauna ya ga ƙarti da gajeren wando suna guje-guje, kuma a gidan mijin 'yarsa, sai kunya ta rufe shi. Ya sunkuyar da kai yana jan carbi, yana jiran in shigo in faɗi maganar ya tafi. Ya so ya tashi, yayana ya tare ƙofa yana tura masa kunu. Har aka gama bai ɗaga ido ya dubi akwatin ba.

Wannan ne ya fi ƙona mini rai. Da a ce dattijon ya kalla ya ji daɗi, da na ce na yi sadaka. Amma ina sama ina jiran ya tafi, yana ƙasa yana jiran in zo, kujerar da ta fi kowace kyau a zauren ta tashi a banza. Kuma dattijon bai tsaya nan ba, duk inda ya zauna sai ya yabe ni, wai surukinsa ba ruwansa da ƙwallo. Shekaru na yi ina kallon wasa a ɓoye kamar mai laifi, don kar in ƙaryata shi.

Abin da na koya shi ne, ka ji tsoron mai yi maka alheri da kayanka ba tare da ya tambaye ka ba. Wata biyu na yi ba na cin abinci tare da yayana, sai da mahaifiyarmu ta sa baki. Mun shirya, amma har yau bai ba ni haƙuri ba, shi a ganinsa gata ya yi mini.

Kwanan baya muna zaune da jikoki ana kallon ƙwallo, sai ya gyara zama ya fara ba su labarin wancan wasan, yadda aka ci ta farko, yadda aka ci ta biyu. Ya juyo ya dafa gwiwata ya ce, "Ka tuna ta ukun nan kuwa?"

Na ce, "Yaya, cire hannunka."